Haƙoran Makka na Harouna Mai Ƙaho

A duk Agege ba a yi mai ƙarfin huhu kamar Harouna ba, kuma ba a yi wanda ya kai shi jin kunyar baiwar da Allah ya yi masa ba. Mutumin Tasawa ne, can ƙasar Nijar, dogo, baƙi, mai faɗin ƙirji. Daga Litinin zuwa Juma'a gadi yake yi a wani sito da ke Ijora, yana buɗe wa tireloli ƙofa yana rufewa. Ran Asabar kuwa busa yake yi, kuma shekara ashirin ya yi yana fatan kada wani ɗan unguwa ya tambaye shi inda ya yini.

Yana ɗan shekara goma sha tara aka ɗauke shi soja a Maraɗi. Harbi bai iya ba, fareti ma sai an yi masa tsawa yake tuna wace ce ƙafar hagu. Wani adijidan, babba cikin masu horar da su, ya gaji da shi, ya dubi ƙirjin nan nasa, ya tura shi wajen 'yan badujala, waɗanda su a can suke kira fanfar. Nan aka rataya masa susafon. Ga wanda bai taɓa gani ba, shi ne babban ƙahon tagulla na badujala. Mutum shiga cikinsa yake yi, ya naɗe shi daga kafaɗar hagu zuwa ƙugu, bakinsa ya buɗe a saman kai kamar daron wanki. Maɓallai uku gare shi, da wani ɗan kofi da ake dannawa a leɓe. Ba mai son sa. Ga nauyi, ga shi aikinsa bai wuce bum, bum, bum a layin baya ba, don masu ƙananan ƙahoni su samu abin takawa su yi burga a gaba.

Harouna ya ƙi tsayawa a bum, bum. Tun yana yaro akwai wani mai algaita a maƙwabtansu wanda ya nuna masa yadda ake tara iska a kumatu, a ja numfashi ta hanci ba tare da busa ta tsaya ba. Sai ya ɗauki wannan dabara ya kai ta cikin ƙahon Nasara. Ya zama yana iya riƙe murya ɗaya har mai sauraro ya fara haki a madadinsa. Yatsunsa suka koyi gudu, leɓensa ya koyi sauka can ƙasa inda ba a jin sauti da kunne sai da ciki, ya kuma hau sama ya rera waƙa sak yadda mace za ta rera ta. Da ya gama aikin soja aka sallame shi da wani tsohon ƙaho da ya lotse, wanda dama jefarwa za a yi. Shi ya naɗe a buhu ya taho da shi Legas, tare da matarsa Mariama da tukunya biyu.

Wata Asabar yana tsallaka layin dogo ya ci karo da Yarabawa Kiristoci suna rakiyar gawa da badujala, masu ɗauke da akwati suna rawa da shi a kafaɗa. Can baya wani ƙato yana azabtar da susafon. Harouna ya yi ƙoƙarin wucewa, zuciyarsa ta ƙi. Ya je ya taɓa ƙaton, ya miƙa hannu. Ya goge kofin da hannun rigarsa, ya shiga ƙahon, ya busa. Masu akwati suka rasa taku, saura kaɗan su zubar da dattijon mutane a kwalta. Mai badujalar, wani tsoho mai suna Baba Adisa, ya sauke hannunsa ya tsaya yana kallo baki buɗe. Kafin a kai makabarta ya riga ya ɗauke shi aiki.

Daga nan labari ya bazu cikin masu busa na Legas. Na farkon da abin ya kama shi ne Istifanus, wani mai walda ɗan Zonkwa, magidanci da 'ya'ya uku, wanda ya shekara goma yana busa ƙaramin ƙaho yana jin kansa wani ne. Sau ɗaya ya ji Harouna, ya koma gida ya kasa cin abinci. Sati bai zagayo ba ya rabu da ƙaramin ƙahonsa ya nemo babba. Bayansa wasu suka biyo, daga Mushin, daga Ajegunle, har daga Ikorodu. Ran Lahadi da yamma sukan taru a filin wata firamare, manyan mutane masu gemu da tumbi, su zauna a ƙasa suna kallon yatsun mai gadi. Oga Bas suke ce masa, don a wajen masu busa bas ake kiran babban ƙahon nan mai muryar ƙasa. Koyarwarsa rabi zagi ce, amma suna shanyewa, har wani yakan koma gida yana alfahari cewa yau shi Oga Bas ya zaga. Ƙahon da da ake bai wa wanda ya fi kowa daƙiƙanci, sai ga shi ana rububinsa.

Mai hankali da ya gode wa Allah ya tsaya nan. Harouna kuwa idonsa na kan wani benci.

Bencin yana ƙofar shagon Alhaji Ɗahiru mai goro, a bakin lungun su Harouna. Dattawa shida ne ke zama a kai daga la'asar zuwa magariba, dukkansu sun je Makka, kowanne da haƙorin zinarensa a gefen baki. Aikinsu shan shayi da auna darajar masu wucewa. Alhaji Ɗahiru ko fito bai iya ba, kuma in ka cire haƙorin nan da tumbinsa, babu abin da za a tuna shi da shi. Amma shi ya raɗa wa Harouna suna mai yi wa gawa busa. In Harouna ya yi sallama, da ƙyar ake amsawa, ba wanda ya taɓa matsawa ya ce bismilla. A wajen suna ko ɗaurin aure sai an gama raba wa mutane goro sannan a miƙo masa nasa tare da na maroƙa. Wannan abu ya ci masa rai fiye da yadda yabon mutum arba'in ya taɓa yi masa daɗi. In zai fita da ƙahon, sai ya naɗe shi a buhu ya bi ta bayan layi, yana sanɗa kamar wanda ya saci akuya.

Mariama, wadda ke sayar da fura a bakin tasha, ta sha gaya masa gaskiya.

"Malam, mi kake nema wurin mutanen ga? Kai da maza ka tasowa tun daga Ikorodu su zamna ƙasa gabanka?"

"Ke ba ki ganewa," in ji shi. "Waɗancan ba mutanenmu ba ne."

"To su naka ɗin mi sunka taɓa ba ka, ban da goro guda?"

Sai ya ɗauki buta ya fita.

Da ya cika shekara ashirin tare da su, masu busa suka ce za su yi masa abin da ba zai manta ba. Suka tura Baba Adisa ya tambaye shi abin da ya fi so a duniya. Suna tsammanin zai ce sabon ƙaho, don nasa duk faci ne, Istifanus ya gaji da liƙe shi. Harouna ya ce Makka. Ba su ja ba. Yawancinsu Kiristoci ne, talakawa, masu walda da direbobin motocin haya na danfo da masu ɗinki, amma shekara biyu suka yi suna haɗawa har kujera ta samu. Shi kuwa gogan ya je ya tsaya a gefen benci ya ba da labari cewa wani wansa ne a Maraɗi ya biya masa.

Hajjinsa tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ba mai sa baki a ciki, Allah ya karɓa. Abin da ya yi bayan an gama aikin hajji shi ne abin magana. Kowa ya san al'adar alhazanmu: kafin a dawo akan je a sa haƙorin Makka, guda ɗaya, a gefe, yadda in an yi murmushi zai ɗan leƙo. Ba farilla ba ne, ba sunna ba, ado ne kawai da shaidar an je. Harouna ya hau wani bene a wani lungu, ya zauna a kujerar mai sa haƙori, ya nuna manyan haƙoransa biyu na gaba, na sama.

"Alhaji, na gefe ake sa wa," in ji mutumin.

"Na gehe sai an yi dariya ake ganin shi. Ni so nike ko salamu alaikum na ce a gani."

Ba rashin sani ba ne, wannan shi ne abin haushin. Duk mai busa ya san a kan haƙoran nan biyu leɓe yake zama, su ne ginshiƙin komai. Shekara talatin da wani abu Harouna bai taɓa fasa goro da su ba, bai taɓa ɓare rake da su ba, ko nama mai tauri da wuƙa yake yankawa. Amma ya kwanta ya buɗe baki, mutumin ya ɗauko abin guga ya zaftare su har suka zama 'yan tsinke, ya kifa musu zinare mai kauri. Aka ba shi madubi. Ya daɗe yana kallon kansa, ya ga Alhaji sosai.

Ranar da ya dawo Agege, bai gama sallama ba Alhaji Ɗahiru ya matsa.

"A'a, Alhaji Harouna! Bismilla, zauna. Kai, har biyu? Masha Allahu."

Aka zuba masa shayi a kofin gilashi. Ya zauna tsakanin dattawa yana ta murmushi har kumatunsa suka yi tsami. Ba a yi wata hira ta kirki ba, tsadar goro ce da gulmar wani limami, amma shi a ransa ya iso inda ya daɗe yana nema.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Mariama na tasha, ya rufe ƙofa ya kwance buhu. Ya shiga ƙahon, ya danna kofin a leɓe, ya busa. Iska ta tsere ta gefe. Ya gyara, ya ƙara dannawa, gefen zinaren ya tsaga masa leɓe ta ciki. Da ya nemi muryar ƙasa, wadda ita ce abin alfaharinsa, girgizar ta bi ta zinaren ta shiga ɗan guntun haƙorin da ya saura, ta harba masa har tsakar ka. Ya zube a kan tabarma yana riƙe da baki, hawaye na zuba. Ya ce gajiyar hanya ce. Ya sake gwadawa washegari, da jibi, har sati biyu. Daga ƙarshe ya je wajen wani likitan haƙori a Ikeja, wanda ya duba ya girgiza kai ya ce in an cire zinaren babu abin da ke ƙarƙashi sai kututture, kuma abin da aka goge ba ya tsirowa. Harouna ya fito ya zauna a bakin titi, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a soja.

A nan ma da sauran mutunci, da ya je ya ce wa mutanen da suka tura shi: na yi wauta, ku yafe mini, ku zo in koya muku abin da ya rage da baki. Sai dai faɗin haka yana bukatar namijin da ya fi Harouna. Ran Lahadi masu busa suka yi gayya suka zo yi masa barka da sauka, su kusan talatin, Baba Adisa a gaba da sandarsa. Harouna bai bari sun shiga lungu ba. Ya tare su daidai inda 'yan benci za su ji kowace kalma, ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya.

"Na gode da zuwa. Amma ni na tuba. Bakin da ya yi addu'a a Arfa ba ya koma ga ƙaho. Ku ma ina ba ku shawara ku nemi sana'ar kirki."

Istifanus ya matso, da Hausarsa ta mutanen kudancin Kaduna.

"Oga Bas, wane magana ne wannan? Numfashi na hanci fa? Ka ce in ka dawo za ka nuna mini."

"Sunana Alhaji."

Baba Adisa ya dube shi, ya ce a hankali, yana haɗawa da Yarabanci, "Ko buru, ba laifi, Alaji. Allah ya ba da lada." Ya juya, sauran suka bi shi. A benci aka yi ta gyaɗa kai, Alhaji Ɗahiru har da cewa ka ga amfanin zuwa Makka ke nan. Aka ƙara wa Harouna shayi.

Da ya shiga gida Mariama na tsaye a tsakar ɗaki. Ta riga ta ga jini a tsummokaran da yake ɓoyewa a bayan akwati.

"Tuba ko?" in ji ta. "Ka yi wa mutane ƙarya, ka yi wa masu ƙaunarka wulaƙanci, yanzu kuma Allah za ka jingina wa? Alhaji, ka ji tsoron shi."

Ya ce ta rufe masa baki. Ta rufe, kuma ba ta sake ta da maganar ba, amma daga ranar in ta ce masa Alhaji sai ya ji kamar ta mare shi.

Shekara uku ya yi a benci. Ya yi ƙiba, ya koyi auna masu wucewa, har ya fi Alhaji Ɗahiru iya taɓe baki. In badujala ta ratsa babban titi ran Asabar, shi ne na farkon cewa a'uzu billahi, yatsunsa uku na dama kuwa suna motsi a kan gwiwa, sai ya sa ɗaya hannun ya danne su. Taron Lahadi ya watse. Masu busa suka ci gaba da abin da suka tsinta a wajensa, kowa da ɗan guntunsa, ba wanda ya samu duka.

Wata Talata da rana Istifanus ya same shi a ƙofar sito a Ijora. Bai zauna ba.

"Baba ya mutu jiya. Ran Asabar za a kai shi Ikorodu. Kafin ya tafi ya ce in gaya maka, ka busa masa sau ɗaya, wurin da bas yana yi shi kaɗai. Ya ce in akwai zunubi a ciki, a rubuta a kansa."

Harouna ya so ya ƙi. Amma tsohon nan shi ya fara ganin darajarsa a garin da ba wanda ya san shi, kuma kunya ta kama shi. Ban da kunya akwai wani abu: ya raya a ransa cewa shekara uku ta isa leɓe ya warke, wataƙila in ya ga taro abin zai dawo da kansa. Ko gwadawa bai yi ba a gida, don kada gwajin ya ƙaryata shi. Ran Asabar da safe ya gaya wa 'yan unguwa zai je duba wani mara lafiya, ya bi ta bayan layi da buhunsa.

A Ikorodu rana ta take. Masu busa sun fi hamsin, daga kowace kusurwa ta Legas, a cikinsu susafon goma sha huɗu suna ƙyalli, kuma duk goma sha huɗun saboda Harouna suka ɗauki ƙahon. Da suka gan shi ya fito daga danfo, aka yi ta ihu, wasu suka rungume shi, wani tsoho har da kuka. Ba wanda ya tuna masa da abin da ya faɗa musu. Suka buɗe masa hanya suka sa shi a gaba, dab da akwatin.

Al'adar badujalar Baba Adisa ita ce, in an kusa makabarta sai kowa ya yi shiru, ganguna su tsaya, masu akwati su daina rawa, bas shi kaɗai ya rera waƙar bankwana. Da aka zo wurin, mai babbar ganga ya buga sau ɗaya ya ɗora tafinsa a kan fata. Titi ya yi tsit. Matan gidan mamaci suka daina kuka suka juyo.

Harouna ya cika ƙirji, ya danna kofin, ya busa. Abin da ya fito wani tari ne, irin na famfon da ruwa ya ɗauke. Ya gyara tsayuwa ya sake. Zafin ya harba masa har ƙeya, iska ta fita fuuu ta gefen baki. Ya sake na uku. Da ya janye kofin, jini ya gangaro ta kan zinaren ya ɗiga a farar rigarsa.

Istifanus na kusa da shi. Ya dubi jinin, ya dubi haƙoran, ya dubi kofin, kuma shi mai busa ne, ba ya bukatar a yi masa bayani.

"Oga," ya ce ƙasa-ƙasa, "ashe ba tuba ba ne. Shekara uku muna cewa mu ne muka sa ka zunubi. Da ka faɗa mana kawai."

Bai jira amsa ba, don gawa na jira. Ya ɗaga nasa ƙahon ya kama waƙar. Ya yi ta da kyau, gwargwadon abin da ya tsinta, sai dai duk inda Harouna yakan ja murya ɗaya doguwa ba yankewa, shi dole ya tsaya ya ja numfashi ta baki, waƙar ta riƙa tsinkewa. Sauran goma sha ukun suka shigo a hankali suka tallafe shi, masu akwati suka ɗaga ƙafa, aka ci gaba da tafiya.

Harouna bai fita daga layi ba. Jama'a sun cika gefen titi suna kallo, wasu na nuna shi da yatsa suna cewa ga gwanin can a gaba. Sai ya mayar da kofin kusa da leɓe yadda ba zai taɓa ba, ya kumbura kumatu, ya shiga danna maɓallai daidai da waƙar. Haka ya tafi har ƙofar makabarta, ba abin da ke fita daga ƙahon. Mutum hamsin da ke bayansa duk sun sani, kuma ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi.